Allurar da ke ceton mai sanƙarau, muna ƙarar da ita a kan mura

Jiya da la'asar na tsaya sayen man zafi a wani kemis da ke Tudun Wadan Zariya, sai ga wata mata ta shigo goye da yaro da ba zai wuce shekara uku ba. Hancinsa na zuba, yana ɗan tari, amma idonsa garau, har yana miƙa hannu wajen robar alawa da ke kan kanta. Ta ce, "Likita, jiya da zazzaɓi ya kwana. Don Allah a yi masa mai ƙarfin nan, irin wadda aka yi wa yayarsa."

Mai shagon ya ce, "To Hajiya, guda uku za a yi, kullum ɗaya." Bai auna zafin jikin yaron ba. Bai ɗora shi a sikeli ba, bai kuma tambaya ko wani magani ya taɓa yi masa illa ba. Ya sauko da ƙaramar kwalba mai farin gari, ya zuƙi ruwa a sirinji ya zuba, ya girgiza har garin ya narke, suka shige bayan labule. Kwalin yana nan kan kanta, na karanta: ceftriaxone.

Abin ya tsaya mini a rai, kuma gara in faɗi matsayina tun yanzu. Bai kamata a ci gaba da yi wa mutane wannan allura da ire-irenta a shagon magani ba, ba gwaji, ba takardar likita. Mu da muke zuwa muna roƙon a yi mana muna da namu laifin, masu yi suna da nasu, hukumomin da suka kawar da kai su ma suna da nasu.

Maganin da ake magana a kai

Ceftriaxone maganin kashe ƙwayoyin cuta ne na bakteriya. Kamfanin Roche na ƙasar Suwizalan ne ya fito da shi a farkon shekarun 1980 da sunan Rocephin, yanzu kuwa kamfanoni da yawa a Indiya da Sin suna yin sa, shi ya sa ya yi araha ya cika kasuwa. Ba shi da na haɗiya, don hanji ba ya zuƙar sa yadda ya kamata, sai dai ta jijiya ko ta tsoka. Yana daɗewa a jini, allura ɗaya ta kan riƙe mutum kwana guda. Kuma yana iya ratsawa har cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, inda magunguna da yawa ba sa kaiwa.

Wannan na ƙarshen shi ne darajarsa a wurinmu. Muna zaune a yankin da sanƙarau ke ɓulla duk lokacin zafi. A 1996 ya kama mutum sama da 100,000 a arewacin Najeriya, ya kashe sama da 11,000. A 2017 ya sake tasowa daga Zamfara, ya kashe fiye da mutum 1,000. Idan aka kawo yaro asibiti wuya a sanƙare, yana jijjiga, wannan ƙaramar kwalbar ce likita ke nema. Haka idan cuta ta shiga jini, ko namoniya ta yi tsanani, ko taifod ta kwantar da mutum.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa irin waɗannan magunguna gida uku: waɗanda za a fara da su a cututtukan yau da kullum, waɗanda za a sa wa ido a yi tsimin su, da waɗanda za a ajiye sai an rasa yadda za a yi. Ceftriaxone na gida na biyu. Mu a nan mun mayar da shi abin da ake fara taɓawa da zarar jiki ya yi ɗumi.

"Ai allura ta fi ƙwaya"

Wannan magana ta zauna mana daram. Dattijo zai dawo daga asibiti ransa a ɓace, a tambaye shi, ya ce, "Ba su yi mini komai ba, ƙwayoyi kawai suka ba ni." A wurinsa, in ba a soke shi ba, ba a ɗauki ciwonsa da muhimmanci ba.

Allura tana da wurinta. Wanda ya suma, wanda ke amai ba ya riƙe komai, wanda ciwo ya ci ƙarfinsa ana tseren lokaci, wannan sai allura. Amma wanda ke iya cin tuwo ya sha ruwa, galibi maganin haɗiya zai isa jininsa ya yi aikin da ake so.

Ba daga nesa za a kawo hujja ba. An yi wani babban bincike a kan jarirai a Kwango da Kenya da Najeriya, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet a 2015, kuma Zariya na cikin wuraren da aka yi shi, tare da Ibadan da Ile-Ife. An duba jariran da ba su kai wata biyu ba, masu saurin numfashi ba tare da wata alamar haɗari ba, waɗanda iyayensu suka kasa kai su babban asibiti. Wasu aka ba su amoxicillin na sha, wasu aka yi musu allurar penicillin da gentamicin. Na shan bai gaza allurar ba. Ma'aikatan lafiya ne suka duba jariran suka bi su har gida, ba a shago aka yi ba, kuma jariri mara lafiya wurinsa asibiti. Amma binciken ya nuna cewa ƙarfin magani ba a tsinin allura yake ba.

Ga kuma Saye, kusa da Zariya, inda cibiyar horarwa ta ƙasa kan tarin fuka da kuturta take. Shekarun baya, mai tarin fuka da ya bijire wa magani sai ya sha allura wata da watanni, wasu su warke daga tarin su fito da kurumta. Yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ta karkata zuwa magungunan haɗiya zalla ga yawancin irin waɗannan marasa lafiya. Idan cuta mai taurin kai irin wannan ana maganinta da ƙwaya, wace mura ce ta fi ƙarfin haɗiya?

Balle ma mura ba bakteriya ke kawo ta ba, bairos ne, kuma ceftriaxone ba ya taɓa bairos. Zazzaɓin cizon sauro shi ma wata halitta ce daban ke kawo shi, da nata maganin. Yawancin gudawar yara ruwan gishiri da sukari da zinc take buƙata. Waɗannan uku kuwa su ne mafi yawan abin da ke kai uwa kemis.

"Amma ni an yi mini, na warke"

Gaskiya ne, ka warke. Mura takan yi kwanakinta ta tafi, ko an yi allura ko ba a yi ba. Sau da yawa ma tare da allurar akan haɗa da maganin zazzaɓi da na malariya, su yi aikin, yabo ya tafi ga allura don ita ce ta yi zafi, ita ce kuma ta fi tsada.

Abin da ba ka gani shi ne abin da ya faru a hanjinka. Jikin kowa cike yake da bakteriya, masu amfani da masu jiran dama. Duk lokacin da magani ya shiga, masu rauni za su mutu, 'yan kaɗan da suka iya jurewa su saura, su hayayyafa, har su riƙa miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan juriya. Manoman wake a Giwa da Soba sun san wannan: maganin feshin da ke kakkaɓe ƙwari shekarun baya, yau sai a fesa a sake fesawa suna nan suna ci.

Kuma ba a jikinka za su tsaya ba. Suna fita ta bayan gida su shiga kwata, su shiga rijiya, su hau hannun mai abinci. Maƙwabcin da bai taɓa yin allurar ba sai ya kamu da cutar da ba ta jin ta.

Wani bincike da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani. Yankin da abin ya fi muni, idan aka auna da yawan jama'a, shi ne Afirka ta Yamma. Mu ke nan.

A Pakistan, tun 2016 aka sami ɓarkewar wata taifod a lardin Sindh wadda ba ta jin tsofaffin magunguna, ba ta jin ciprofloxacin, ba ta kuma jin ceftriaxone. Ciwon sanyi da ake ɗauka ta jima'i ya riga ya cinye magungunan da aka saba da su ɗaya bayan ɗaya, ceftriaxone ne kusan abin da ya rage, kuma an fara samun wanda ba ya jin sa a wasu ƙasashe. Idan ceftriaxone ya daina aiki a kan cuta mai tsanani, sai a koma kan irin su meropenem, wanda ake yi sau uku a rana ta jijiya, a gadon asibiti, da kuɗin da mai sayar da kayan miya ba zai iya biya ba ko ya sayar da akuyarsa. Talakan da ake cewa ana taimaka wa da allurar kemis, shi ne zai fara rasa mafita.

"Malariya da taifod ne"

Kusan kowa a garin nan an taɓa gaya masa haka. Ka je ƙaramin ɗakin gwaji, a ɗebi jini, bayan ɗan lokaci a miƙo takarda mai lambobi, a ce taifod ɗinka ya hau. Wannan gwajin Widal ne, tsohon gwaji tun ƙarshen ƙarni na 19. Ba ƙwayar cutar yake nema ba, alamar da jiki ya bari yake dubawa. A wurin da mutane suka tashi suna shan ruwan da ba shi da tsabta, lafiyayye ma zai iya nuna wannan alama. Malariya kanta tana iya ɗaga lambobin.

Gwajin da ke tabbatar da taifod shi ne a ɗauki jini a rene shi kwanaki a ga ko ƙwayar za ta tsiro, sannan a gwada wane magani take ji. Yana da tsada, ba ko'ina ake yin sa ba. Amma rashin gwaji mai kyau ba dalili ba ne na ɗora allura biyar a kan gwaji mara tabbas. Na san gidajen da duk wata biyu sai an ce maigida na da taifod, a ɗaura masa ruwa a falo, a yi masa allura. Wanda zazzaɓi ke dawo masa haka yana buƙatar likita ya zauna ya bincike shi da kyau, don wataƙila wani ciwon ne daban ke ɓoye.

Haɗarin da ba ya jiran shekaru

A bar ma maganar gobe. Akwai wanda jikinsa ba ya karɓar irin wannan magani. Cikin 'yan mintoci maƙogwaro zai kumbura, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi. Abin da ke ceton sa allurar adrenaline ce nan take, da iskar oksijin, da wanda ya san abin yi. Shaguna nawa ne ke da waɗannan a bayan labule?

Jariri mai shawara ba a yi masa ceftriaxone, don yana iya sa shawarar ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ba a haɗa shi da ƙarin ruwan da ke ɗauke da sinadarin kalsiyam, don sukan dunƙule, kuma an rasa jarirai ta wannan hanya. Wanda aka dama da maganin kashe zafi don a yi a tsoka, in aka kuskura aka tura shi jijiya, zuciya yake taɓawa. Na yara kuwa da nauyinsu ake auna shi, ba da ido ba.

Gentamicin, wadda ita ma ake yi kamar ruwa saboda arha, tana iya lalata ƙoda, tana iya kashe ji, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Sannan akwai wurin sokawar kansa. Akwai babbar jijiya da ta bi ta ɗuwawu ta sauka ƙafa. In allura ta same ta, yaro zai tashi yana jan ƙafa, a yi ta cewa iska ce ko shan inna. Ƙurjin allura kuwa, wanda sai an tsaga an matse, kowace unguwa an san shi.

"Asibiti sai mai kuɗi da mai lokaci"

Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon wasa ba. Matar da ke Gyallesu ko Tudun Jukun, in ta ce za ta asibitin koyarwa na Shika, sai ta yi lissafin kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin kati, kuɗin gwaji, da yinin da za ta bar sana'arta. Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ya fi kusa ga mutanen cikin gari, amma jama'ar da ke dogaro da shi ta yi yawa. Likitoci da nas-nas suna ta barin ƙasar. Mai kemis kuwa yana bakin layi, yana buɗe har goma na dare, ya san sunan 'ya'yanta, yana ba ta bashi. Duk wanda ya zage ta don ta je wurinsa bai san rayuwa ba.

Ni ma ban ce a rufe shagunan ba. In aka rufe su, mutane da yawa ba su da inda za su. Abin da nake cewa, lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ke ba mai kemis na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, ba na buɗe ƙaramin asibiti a bayan labule ba. Kuma a cikin iyakarsa akwai alheri mai yawa da zai iya yi. Zai iya gwada malariya da ɗan tsinken nan da ke nuna sakamako cikin minti 15 zuwa 20. In ta nuna, ya ba da maganinta cikakke. Zai iya ba da maganin zazzaɓi daidai nauyin yaro, ya koya wa uwa haɗa ruwan gishiri da sukari. Mafi girma, zai iya cewa, "Hajiya, wannan ya fi ƙarfina, ki wuce asibiti yanzu." Akwai masu yin haka, na san wasu, kuma mutuncinsu bai ragu ba.

Sannan a yi lissafin da gaskiya. Kuɗin allura uku da sirinji da ladan yi, sau da yawa ya fi kuɗin gwajin malariya da maganinta. Idan kuma ciwon na gaske ne, kwana ukun da aka ɓata ana zuwa shago su ne ke mayar da abin da za a yi maganinsa a tafi gida ya koma kwanciya da ƙarin jini.

Wani zai ce mai shagon nasu ya yi aiki a asibiti, hannunsa ya faɗa. Iya soka allura daban, sanin ko ana buƙatar ta daban. Kuma wanda ribarsa ke ƙaruwa da kowace kwalba da ya fasa, bai dace a bar shi shi kaɗai ya yanke hukuncin ko a fasa ba, komai kirkinsa.

Nauyin gaske yana kan gwamnati. Jihar Kaduna ta ɗauki tsarin cibiyar lafiya ɗaya a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 255, ta kuma kafa hukumar inshorar lafiya ta KADCHMA. Tsari ne mai kyau. Amma uwa ba gini take nema ba. Tana neman ta je da ƙarfe takwas na dare ta tarar da ma'aikaci, da tsinken gwaji, da magani a kanta. Ranar da ta tabbata za ta samu, ba sai an yi mata wa'azi a kan allurar kemis ba.

Masu farar riga ma ba su kuɓuta ba

Zalunci ne a ɗora komai a kan mai shago. Daga wa ya koya? A ƙananan asibitocin kuɗi da dama, da wuya mai zazzaɓi ya shiga ya fito ba a sa masa kanula, robar ƙarin ruwa ta jijiya, ba. A rataya ruwa, a zuba bitamin ya koma rawaya don 'yan uwa su ga ana aiki, a bi da ceftriaxone. Wasu likitocin za su ce majinyaci ne ke matsa musu, in ba su yi ba zai tafi wani wuri ya ce ba su iya aiki ba. Na yarda akwai wannan matsi. Amma wanda ya yi shekara shida yana karatu ya san abin da majinyaci bai sani ba, kuma minti biyu na bayani cikin Hausa mai daɗi yana sauya ra'ayin mutane fiye da yadda ake zato.

Najeriya tana da shirin ƙasa na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta tun 2017, ƙarƙashin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa. A Samaru muna da tsangayar harhaɗa magunguna ta Jami'ar Ahmadu Bello, a Shika muna da asibitin koyarwa. Ilimin yana garin nan. Abin da nake so in ji shi ne malaman nan a gidajen rediyo, da Hausa, suna gaya wa mutane wane magani ne har yanzu ke aiki a kan ƙwayoyin da suke gani a ɗakin gwajinsu, wane ne ya fara gazawa. Ina so masu sayar da magani a sari su daina miƙa kwalin allura ga duk wanda ya zo da kuɗi. Ina so masu sa ido su shiga unguwanni, ba don karɓar na goro ba, kuma su fara da horarwa kafin kulle shago. Limamai da masu unguwanni sun taimaka a rigakafin shan inna, za su iya taimakawa a nan.

Mu kuma iyaye, mu daina shiga shago da sunan allurar a bakinmu. In an ce za a yi wa ɗanka, tambayi wace cuta ake zargi, wane gwaji ya nuna, kuma ko akwai na sha da zai yi aikin.

Akwai alamun da ba a tsayawa ko'ina da su: wuya ya sanƙare, jijjiga, yaro ya ƙi nono ko ya kasa shan komai, barcin da ba a iya tashin sa, numfashin da haƙarƙari ke lotsawa, ko zazzaɓi a jikin jaririn da bai kai wata biyu ba. Wannan a nufi cibiyar lafiya mafi kusa ko da tsakar dare ne. Idan ma'aikacin wurin ya ga dole ya yi allurar farko kafin ya tura ku babban asibiti, wannan shi ne aikinta na gaskiya. Ku dai roƙe shi ya rubuta sunan maganin, da yawan da ya yi, da lokacin da ya yi, ku miƙa wa likitan da zai karɓe ku.